An ga ƙari a hantar yayata, wai ƙwayar tazarar haihuwa ce?

Maman Biyu:
Salam jama'a, don Allah masu ilimin lafiya ku taimaka. Yayata aka yi wa sikanin saboda ciwon ciki sai aka ga ƙari a hantarta, santimita 3, likita ya ce ba kansa (ciwon daji) ba ce amma ya tambaye ta shekara nawa tana shan ƙwayar tazarar haihuwa, ta ce kusan 8, ya ce ta ajiye ta, ya kuma rubuta mata gwajin ayon (sinadarin ƙarfe da ke cikin jini). Ina ƙwaya ina hanta, kuma me ya kawo ayon ciki? Tun jiya ba ta runtsa ba wallahi.

Ɗalibin likitanci:
Wa'alaikis salam Maman Biyu, Allah ya ba ta lafiya. Ƙarin hanta marar kansa kala-kala ne. Wanda aka fi gani shi ne himanjiyoma, ƙullin jijiyoyin jini ne kawai, yawanci ba a ma taɓa shi. Wanda likitan ke zargi da alama adinoma ne, shi ne mai alaƙa da homon ɗin istirojin (wani sinadarin jikin mata) da ke cikin ƙwayar, tun 1973 likitoci suka lura da haka, lokacin ƙwayoyin sun fi na yanzu ƙarfi. Sau da yawa in an daina sha yakan motse da kansa, wanda ake wa tiyata shi ne wanda ya wuce santimita 5 don yana iya fashewa ya zubar da jini a ciki. Nata bai kai nan ba.

Uwargida:
To ni kam yau zan watsar da tawa!

Nas:
Haba Uwargida, kar ki yi haka ba shawarar likita, abin fa ba kasafai yake faruwa ba. Maza masu allurar ƙara damtse ma suna samunsa, kuma nasu ya fi saurin rikiɗewa zuwa kansa shi ya sa ake cire musu ko ƙarami ne. Batun ayon kuwa, hanta ce ma'ajiyarsa, in ya yi yawa yana cinye ta a hankali, wasu gado ne, wasu yawan ƙarin jini kamar masu sikila. Alaƙarsa da adinoma ba ta kai ta homon ƙarfi ba, likitan yana so ne ya tabbatar ba yawan ayon ba ne. Feritin ake ce wa gwajin. Ta daina shan maganin ƙara jini barkatai kafin sakamako ya fito.

Maman Biyu:
Na gode. Ai kuwa kwalba biyu na gani a ɗakinta, bari in kira ta yanzu.