Neman shawara: tsofaffin kwamfutocin ofis, yara su tafi da su gida ko a bar su a makaranta?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. A wurin aikinmu an sauya mana kwamfutoci, tsofaffin laftof da wasu 'yan wayoyi suna jibge a sito, shugabanmu kuma ya amince a ba da su kyauta. Muna so mu kai wata firamare da yawancin ɗalibanta 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi ne. Sai dai kanmu ya rabu: wasu sun ce a ba yaro tasa ya tafi da ita gida, wasu sun ce a damƙa wa makaranta. Ga shi ba za su ishi yaran ba ko kusa. Wanda ya san kan abin ya taimaka don Allah.

Mai gyaran kwamfuta: Wa'alaikumussalam Hajiya, Allah ya ba da lada. Kafin a zo kan wa za a ba, a duba abin da za a bayar. Fayil ɗin da aka share yana nan a ciki, mai wayo zai iya dawo da shi, don haka a goge ma'ajiyar gaba ɗaya a ɗora sabon tsari. Wayoyin kuma a fitar da asusun Google ko na Apple kafin a mayar da su kamar sababbi, in ba haka ba za su kulle, yaro ya samu waya ba ta buɗuwa. Duk wadda batirinta ya kumbura a ware ta, tana iya kamawa da wuta. Sannan Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, tsofaffi da yawa kuma ba sa ɗaukar Windows 11. Ni Linux Mint, wani tsarin da ke maye gurbin Windows, nake sa wa irinsu, kyauta ce, ba ta da nauyi. Kar a manta da caja, ita ce ke fara ɓata.

Wata malama: Yaya, ki bar su a makaranta. An gwada rabon kwamfuta ga yara a baya. A ƙarƙashin shirin One Laptop per Child, wato laftof ɗaya ga kowane yaro, da Ba'amurke Nicholas Negroponte ya fara a 2005, ƙasar Peru ta raba dubban ɗaruruwan laftof. Binciken da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar a 2012 ya nuna yaran sun iya sarrafa na'urar, amma sakamakonsu a lissafi da karatu bai ɗaga ba. Uruguay da ta fara nata a 2007 ta haɗa da intanet a makarantu da horar da malamai da gyara. Mu da ke aji mun san dalili: in malami bai san abin da zai yi da ita a darasin gobe ba, sai a kulle ta a kabad don gudun kar ta lalace a ce shi ne.

Wani uba: Malama, ban ƙi taki ba, amma ai matsalar a gida take. Rahoton UNICEF da ITU, hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, na 2020 ya ce kashi biyu cikin uku na yaran duniya masu shekarun makaranta ba su da intanet a gida. Ɗan mai hali yana koyo da dare, ɗan talaka sai ya jira minti talatin a mako?

Malamar: Gaskiya ne Baba. To a yi aro kamar littafin laburare, iyaye su sa hannu, yaro ya kai gida ƙarshen mako ya dawo da ita. Ta zama tasa kacokam kuwa, wataƙila yayansa ya karɓe, ko a sayar ranar da gida ya matsu, kuma ba zan ga laifinsu ba.

Wani ɗalibin jami'a: Anti, rashin intanet ba zai hana ba. Manhajojin Kolibri da Kiwix suna aiki ba data. Na farko darussa ne da atisaye, na biyu yana sauke Wikipedia, har ta Hausa. A ɗora sau ɗaya shi ke nan.

Wata dattijuwa: 'Yata, roƙona ɗaya. Kar a jera yaran a ɗauke su hoto ana cewa ga mabuƙata. Suna da mutunci, iyayensu ma haka.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Zan fara ganin shugaban makarantar in ji ko akwai malamin da zai ɗauki nauyin kula da su. Malam mai gyara, waɗanda suka mutu fa?

Mai gyaran kwamfuta: Kar su je makaranta, Hajiya. A cire abin da zai yi amfani, kamar allo da caja, a ajiye don gyaran sauran, ragowar a kai wa masu karɓar sharar kayan lantarki. Ki kuma tambayi makarantar ko suna da inda za su riƙa caji kafin ki ɗauki ko guda.