Ɗumama ɗaki ta ƙarƙashin daɓe: na lantarki ko na ruwa?

Baban_Ilham:
Salam jama'a, don Allah masu sani ku taimaka min. Ina gyaran gida ne za a fasa daɓen falo da banɗaki gaba ɗaya, sai na ce tunda an fasa bari kawai in sa abin ɗumama na ƙasa a huta da hita, wallahi tausayin yaran nake ji in sun taka tayil da sanyin asuba. Falon ya kai sukwaya mita 40, banɗakin 5 ne. Wannan ya ce lantarki wancan ya ce ruwa, kaina ya ɗaure.

Injiniya_Sanyi:
Wa alaikumus salam Malam. Ni dai shawarata ka raba su. Banɗaki sa na lantarki, shimfiɗar waya ce siririya ana binne ta cikin gam ɗin tayil, ba ta ƙara wa daɓe tudu sosai kuma tana saurin ɗaukar zafi. Amma falo kar ka fara, yawanci wat 150 take ci a kowace sukwaya mita, to lissafa 40, kilowat 6 kenan duk lokacin da take aiki, bil ɗin wuta sai ya sa ka kuka. Na ruwa fayif ne ake nannaɗewa a zuba siminti a kai, ruwan da ke zagayawa digiri 35 zuwa 45 ya isa, alhali radiyeto na bango sai ya kai 60 zuwa 70, shi ya sa ya fi tafiya da famfon zafi (na'urar da ke jawo ɗumi daga waje ta ɗumama ruwan) ko boila ba tare da cin makamashi sosai ba. Sakawar ce dai akwai tsada da aiki.

Maman_Twins:
Ni na ruwa ne a ofis ɗinmu kuma gaskiya akwai daɗi, abu ɗaya ne ba a gaya mana ba, ba ya zafi nan take, sai ka jira awanni kafin simintin ya ɗauka, don haka da taima muke kunna shi tun kafin a buɗe. Kuma yaya in kafet mai kauri za ka shimfiɗa ka haƙura, riƙe zafin yake.

Falamba01:
Yallabai ko wanne ka zaɓa kar ka yarda a tsallake allon kumfa mai tare zafi a ƙasa, in babu shi ƙasa kake ɗumamawa ba ɗaki ba. Sannan a cika fayif ɗin da ruwa a gwada firesha KAFIN a zuba siminti, na taɓa zuwa aikin da aka rufe da yoyo sai da aka sake fasawa, abin ba daɗin gani. Wayar lantarkin ma ba a yanke ta ko da ta yi tsawo, a gwada lafiyarta da mitar gwajin lantarki kafin da bayan sa tayil.

Baban_Ilham:
Allah ya saka da alheri. Injiniya rabin falon katako nake so in sa, zai jure?

Injiniya_Sanyi:
Zai jure, a sa na'urar auna zafi cikin daɓen a saita tamostat kar saman katakon ya wuce digiri 27.