Sabar Java tana tsayawa da saƙon "Too many open files"

Tambaya: Assalamu alaikum. Sabar da nake kula da ita a kan Linux takan yi kwana uku tana aiki lafiya lau, sannan ta tsaya cak da wannan saƙo, wato fayilolin da ke buɗe sun yi yawa. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Da alama kana buɗe fayil, amma idan kuskure ya auku a tsakiyar aiki, shirin ba ya kaiwa layin close(), wato umarnin rufe fayil ɗin. Ka koma amfani da try-with-resources, wanda ya zo da Java 7 a 2011, domin yana rufe fayil ɗin ko da kuskuren ya faru.

Amsa: Galibi iyakar Linux fayiloli 1024 ce a buɗe ga kowane shiri, kuma ɗaga ta jinkirta matsalar ne kawai. Ka fara dubawa da lsof, umarnin da ke nuna fayilolin da ke buɗe.

Mai tambaya: Na gode, ashe haɗin HTTP (hanyar sadarwar yanar gizo) ne nake bari a buɗe, shi ma Linux a matsayin fayil take ƙirga shi.