Ɗana mai otizim ya cika shekara 18, ta ina zan fara?

Uwar saurayi: Salam jama'a. Ɗana yana da otizim, wanda wasu ke ce wa galahanga, yanzu ya cika 18 kuma wallahi abin yana hana ni barci, yana karatu da kyau ya iya waya fiye da ni amma wanki da kirga canji sai ni, in mun shiga taro kuma sai ya toshe kunne ya nemi ƙofa. Ya zan yi ya fara tsayawa da ƙafarsa?

Malamar yara masu buƙata ta musamman: Hajiya Allah ya ƙara haƙuri. Kar ki ce masa "je ka yi wanki" kawai, ki rarraba aikin: ware kaya, jiƙawa, sa sabulu, ɗauraya, shanya, kowane mataki da hotonsa a bango. Ki yi na farkon duka ki bar masa shanya, in ya iya sai ki ƙara masa ɗauraya, a haka ake komawa baya har ya riƙe aikin. Aiki ɗaya a lokaci guda don Allah.

Yayan wata: Mama toshe kunnen nan ba taurin kai ba ne, ƙara ce take yi masa zafi. Ƙanwata haka take, muka samo mata abin toshe kunne, muna fita lokacin da ba cunkoso, minti 10 mu dawo, yanzu ita ke miƙa kuɗi da kanta.

Uwar saurayi: Na gode sosai, gobe da shanya za mu fara in sha Allah.