Shawarwari kan ambaliyar Kogin Red lokacin narkewar ƙanƙara

Mazauna gaɓar Kogin Red, wanda ya raba jihohin Dakota ta Arewa da Minnesota a Amurka, sun tattauna haɗarin watannin Maris da Afrilu, kuma bakinsu ya zo ɗaya cewa a riƙa lura da abu uku tare: yawan dusar ƙanƙarar da ta taru, saurin narkewarta, da ruwan sama da ke zuba kan daskararriyar ƙasa wadda ba ta iya shanye shi. Kogin yana gangarawa ne arewa zuwa Kanada, saboda haka kudu kan narke alhali arewa tana daskare, sai ɓaraguzan ƙanƙara su toshe ƙarƙashin gada, ruwa ya malale cikin shimfiɗaɗɗen fili cikin sa'o'i kaɗan. Waɗanda suka ga ambaliyar 1997 a Grand Forks, wani birni da ke bakin kogin, sun fi kowa nanata wannan.

Sun ba da shawarar a sayi inshorar ambaliya da wuri, domin ta gwamnatin tarayya kan jira kwana 30 kafin ta fara aiki, a kwashe takardu daga ɗakin ƙarƙashin ƙasa, a kuma tanadi buhunan yashi. Gargaɗin da ya fi muhimmanci a ganina shi ne kada direba ya kutsa hanyar da ruwa ya shafe, domin zurfin ƙafa biyu ya isa ya tafi da mota.