Fitilar tankin kifina tana ja na, a taimaka

Salam 'yan uwa, don Allah masu harkar wayarin ku leƙo nan. Ina Tunfure a Gombe, ina da tankin gilashi na kifin ruwan gishiri mai lita 200 da 'yan murjani masu rai, su kuwa in ba haske mai ƙarfi ba sa rayuwa. Fitilar kanti tsada, sai na haɗa tawa, na manna LED shuɗi da fari a jikin falankin alminiyom, adafta 24V, na rataye ta kamar taƙi ɗaya a saman ruwan.

Wata biyu lafiya lau. Yanzu gishiri ya yi fari fat a bakin wayoyin, tagullar har ta koma koriya, jiya kuma ina gyara dutse hannuna cikin ruwa gwiwar hannun ta taɓa alminiyom ɗin, wallahi sai da ya ja ni. Gidan haya ne, ba a yi atin ba, wato wayar da ke kai yoyon wuta cikin ƙasa. Na zare soket tukuna saboda yara, amma murjanin ba za su jure duhu da daɗewa ba.

Adaftar ce ke yoyon wuta ko famfon cikin ruwan? Kuma bireka mai RCD (mai yanke wuta da kansa in ta yi yoyo) zai wadatar ba atin? Na so tare ƙasan fitilar da gilashi, zafin Gombe nake tsoro kar ya dafa min LED ɗin.