Na gama digiri a fannin kiwon lafiyar al'umma, wane aiki ya kamata in nema?

Ummu Khadija:
Assalamu alaikum. Na kammala digirin farko a fannin kiwon lafiyar al'umma, kuma saura wata uku in gama hidimar ƙasa. Abin da yake damuna shi ne, kowa a gida ya ɗauka asibiti zan shiga in riƙa duba marasa lafiya, alhali karatunmu bai ba mu lasisin yin haka ba. Ina roƙon magabata a wannan fage su nuna mini inda ake ɗaukar irinmu, da abin da ya kamata in koya kafin in fara kai takardu.

Baban Sadiƙ:
Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Wuraren aiki suna nan: hukumomin kiwon lafiya a matakin farko na jihohi, da hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa wadda aka sa hannu a dokarta a 2018, da WHO da UNICEF, da ƙungiyoyin agaji irin su MSF, wato ƙungiyar likitoci ta Doctors Without Borders. Ƙananan hukumomi ma suna da jami'an sa ido kan cututtuka, waɗanda suke kai rahoton sanƙarau ko kwalara ko mashaƙo da zarar sun ɓulla. Amma shawarata ita ce ki riƙe ilimin alƙaluma da hannu biyu. Ki fara da Excel har ki iya tsabtace bayanan da aka tattaro a hargitse, sannan ki koyi tsara tambayoyi a manhajar KoboToolbox ko ODK, domin da waya ake tattara bayanai a ƙauyuka yanzu. Bayan haka ki san DHIS2, manhajar da ake shigar da rahoton asibitoci na wata-wata. Na sha zama a wurin tantance masu neman aiki, kuma na ga masu sakamako mai kyau da yawa sun kasa fitar da adadin yaran da aka yi wa rigakafi daga jadawali guda, abin da yake ba ni takaici ƙwarai.

Yaya Hajara:
Maganar Baban Sadiƙ gaskiya ce, sai dai ina ganin kwamfuta kaɗai ba za ta wadatar da ke ba. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano saboda jita-jita, cutar ta sake bazuwa har zuwa wasu ƙasashe, kuma sai da sarakuna da malamai suka shigo cikin lamarin kafin iyaye su sake buɗe ƙofofinsu. Da irin wannan haƙuri aka kai ga ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ainihin ƙwayar cutar a watan Agustan 2020. Haka ma gubar dalma da ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, sai da aka zauna da masu haƙar zinare aka fahimtar da su illar niƙa duwatsu a tsakar gida. Saboda haka ki je cibiyar lafiya mafi kusa da ke, ki nemi shiga rabon maganin zazzaɓin cizon sauro da ake ba yara da damina, ko da ladan bai taka kara ya karya ba. Kasancewarki mace mai jin Hausa babbar dama ce, domin ke za ki shiga gidajen da namiji zai tsaya a zaure.

Malam Na Zariya:
Malama, ki ƙara da iya rubuta rahoto da Turanci mai tsabta, kuma ki sani aikin ƙungiyoyi na kwantiragi ne, yana ƙarewa idan tallafi ya yanke, kamar yadda mutane da yawa suka gani a 2025 lokacin da Amurka ta janye kuɗaɗen hukumarta ta ba da tallafi ga ƙasashen waje, USAID. Ki nemi aikin gwamnati a lokaci guda, ki kuma jinkirta digiri na biyu har sai kin yi shekara biyu a bakin aiki.

Ummu Khadija:
Allah ya saka muku da alheri. Gobe in sha Allahu zan je wurin shugabar cibiyar lafiya ta unguwarmu, kuma na riga na sauke KoboCollect, manhajar waya ta KoboToolbox, a wayata.